Jijjigar Ƙwaƙwalwa da Buguwar Kai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kariya a Filin Wasa, a Hanya da Cikin Gida

Waɗannan tambayoyi ne da masu horar da 'yan wasa, malaman makaranta, iyaye, masu babura da masu jinyar dattawa suke yawan maimaitawa. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingina da wata. Wanda yake tsaye a kan wanda ya bugu yanzu, ya fara da ta 4 da ta 5.

1. Mece ce jijjigar ƙwaƙwalwa, kuma ina bambancinta da rotsi ko ƙululu?

Rotsi da ƙululu a fatar kai suke, ido yana ganinsu. Jijjiga kuwa a ciki take. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi, kusan kamar awara, nauyinta a jikin babba bai cika kilo ɗaya da rabi ba, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Ka sa awara a kwano mai ruwa, ka rufe, ka fizge shi da ƙarfi: kwanon ba zai nuna komai ba, amma abin da ke ciki ya wahala. Idan kai ya tsaya farat ɗaya ko ya murɗe da sauri, ƙwaƙwalwa tana motsawa, ƙananan jijiyoyinta su miƙe fiye da ƙima, sinadaran da suke aika saƙo da su su hargitse. Sai ta buƙaci ƙarfi mai yawa don gyara kanta a daidai lokacin da jinin da ke isa gare ta ya ragu. Wannan giɓin shi ke kawo ciwon kai, jiri, mantuwa da nauyin tunani na kwanaki.

Ba sai an bugi kan ba ma. Bangaza a ƙirji, duka a haɓa, ko burkin da ya wurga wuya gaba da baya duk suna iya jawo ta. Shi ya sa mai rotsin da ya jiƙe riga da jini zai iya kasancewa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, wanda ko ƙwarzane ba shi da shi kuma ya kasa faɗin ranar da ake ciki.

2. Ai bai suma ba. Ba shi ke nan ya tsira ba?

A'a. Cikin mutum goma da suka samu jijjiga a wasanni, wanda ya suma bai cika wuce ɗaya ba. Wanda ya ce ya ga taurari, ko kansa ya juye, ko ya tashi yana tangaɗi na daƙiƙa biyar sannan ya miƙe, a ɗauke shi a matsayin mai jijjiga har sai ma'aikacin lafiya ya ce ba haka ba. Alamu kuma kan yi jinkiri. Wani sai da daddare ko washegari ciwon kai da tashin zuciya za su sauko masa.

3. Ta yaya wanda ba likita ba zai gane ta a filin wasa?

Da ido tukuna. A lura da wanda ya faɗi bai kare kansa da hannu ba, ko ya kwanta shiru bai motsa ba, ko hannunsa ya sandare a sama na ɗan lokaci, ko ya tashi a hankali yana dafe kai, idonsa a buɗe amma kamar ba ya kallon kowa, ko ya nufi ragar da ba tasa ba. Sai kuma abin da zai faɗa da bakinsa: ciwon kai, jiri, gani dishi-dishi, haske ko hayaniya suna damunsa, jikinsa ba daidai ba.

Kada a tambaye shi “lafiyarka ƙalau?”, don amsar ɗan wasa kullum “ƙalau” ce. Akwai tambayoyi biyar da likitocin wasanni ke amfani da su: Wane fili muke yau? Kafin hutun rabin lokaci muke ko bayansa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa kuka buga wasan da ya wuce? Kun ci ko an ci ku? Kuskure ɗaya ya isa a fitar da shi. Amsa su duka daidai kuwa ba ta wanke shi idan akwai wata alama daga cikin na sama.

A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya yi karo da kafaɗar ɗan Ajantina, aka duba shi aka mayar da shi fili. Ya ƙara kusan minti 14 yana gudu, har ya je ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe, kafin a fitar da shi. Idan hakan ya wuce idon ƙwararru a gaban duniya, filin unguwa ya fi buƙatar doka mai sauƙi: an yi kokwanto, a zaunar da shi.

4. Waɗanne alamu ne ke cewa a tafi asibiti yanzu, ba gobe ba?

Ciwon kai da yake ƙaruwa maimakon raguwa. Amai fiye da sau ɗaya. Suma, komai gajartarta. Jijjigar jiki irin ta farfaɗiya. Barcin da ake tashinsa da ƙyar. Harɗewar harshe, ruɗewa da take ƙaruwa, ko fushi da fizge-fizgen da ba halinsa ba. Mutuwar hannu ko ƙafa, ko jin su kamar ana tsira allura. Gani biyu-biyu, ko ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido ɗaya ya fi na ɗayan girma. Jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, ko baƙin tabo a bayan kunne da kewayen idanu. Ciwon wuya mai tsanani. Haka kuma duk wanda mota ko babur ya kaɗe, wanda ya faɗo daga abin da ya kai mita ɗaya ko matakala biyar, wanda ya haura shekara 65, da mai shan maganin tsinka jini (duba ta 14).

Abin tsoro a nan jini ne da ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Akwai irinsa da mutum zai farfaɗo, ya yi hira, ya ci abinci, bayan awa biyu ko uku ya fara gyangyaɗi ya tafi. Idan aka kai shi da wuri, aikin cire jinin yana ceton rai. A nufi asibitin da ke da na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin kai. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika da ke Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. A Najeriya lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

5. Me za a yi a minti biyar na farko, me kuma za a guje wa?

Idan yana ƙasa bai tashi da kansa ba, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya tallafe shi da hannu biyu a yadda ya same shi, yana yi masa magana. A duba numfashi. Idan amai ya taso, mutum uku su juya shi gefe lokaci guda, kai da wuya da gangar jiki a miƙe kamar gungume ɗaya. Mai hular kwano a bar masa ita, sai fa idan ta hana numfashi. Rotsi a danne shi da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, amma idan ƙashin wurin ya lotsa a rufe kawai ba tare da dannawa ba. Ƙululu a ɗora masa ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle minti 15.

Abubuwan da aka saba yi da kyakkyawar niyya su ne masu ɓarna: ciccibar mutum ta hannu da ƙafa kai yana reto, jijjiga shi, marinsa don ya farfaɗo, ɗura masa ruwa ko lemo bai gama dawowa hayyacinsa ba, murza ƙululu da ruwan zafi, zuba toka ko man burki a rauni. An ga irin haka a kofin duniya na 2018, lokacin da Nordin Amrabat na Maroko ya bugu a wasansu da Iran aka riƙa fesa masa ruwa ana bubbuga masa kumatu a bakin fili. Daga baya ya ce bai tuna wasan ba. Ruwa a fuska yana sa mutum ya buɗe ido, ba ya gyara komai a cikin kai.

6. Ya warware bayan minti goma. Me zai hana ya koma ya ƙarasa wasan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Bugun farko sau da yawa ƙaddara ce da ba wanda ya iya tarewa. Na biyu kuwa a hannun mutane yake. Ƙwaƙwalwar da ta jijjiga tana jinkirin yanke hukunci, ido da ƙafa ba sa tafiya tare, don haka mai ita ya fi kowa a fili saurin sake yin karo. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana tsawaita jinya daga kwanaki zuwa watanni. A wasu lokuta ƙalilan, musamman ga matasa 'yan ƙasa da shekara 20, ƙwaƙwalwa takan kumbura cikin mintuna kaɗan, a rasa rai.

Rowan Stringer, ɗaliba 'yar shekara 17 a Ottawa ta ƙasar Kanada, ta rasu a 2013 bayan ta bugu a kai fiye da sau ɗaya cikin mako guda a wasan zari-ruga, ba tare da wani babba ya san tana fama da ciwon kai ba. Dalilinta lardin Ontario ya kafa doka a 2018 mai tilasta fitar da ɗan wasan da ake zargin ya jijjiga. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ma, tun daga Yulin 2024, ta ba gasanni damar ƙarin canji na musamman saboda buguwar kai, don kada koci ya ji ya yi asarar canji. Hukuncin fitarwa ba na yaron ba ne, ba kuma na mahaifinsa da ke bakin fili yana cewa “namiji ne, ya daure” ba. Yadda ake komawa wasa yana ta 16.

7. A ƙwallon ƙafa, daga ina raunin kai ya fi zuwa, kuma me koci zai iya yi?

Mafi yawansa daga tsalle biyu kan ƙwallo ɗaya: kai da kai, ko gwiwar hannu a fuska. Sai faɗuwa ta ƙeya a ƙasa mai tauri, sai mai tsaron raga da ke cin karo da gwiwa ko ƙarfen raga. Doka tana aiki a nan. Bayan da aka fara ba da jan kati kai tsaye kan dukan kai da gwiwar hannu da gangan a 2006, binciken da aka yi a gasar Jamus ya nuna raunin kai ya ragu da kashi 29 cikin ɗari. Alƙalin wasan unguwa da ba ya kau da kai daga gwiwar hannu ya fi kowane kayan kariya amfani.

Sauran aikin na koci ne. A koya wa yara kiran suna kafin tsalle, don kada 'yan gida biyu su haɗu a sama. A koya musu faɗuwa: haɓa a ƙirji, a mirgina ta kafaɗa. A zagaya fili kafin wasa a kwashe duwatsu da guntayen bulo, a cike ramuka, a bar aƙalla mita biyu zuwa uku tsakanin layi da katanga, kwata ko baburan 'yan kallo. Raga mai ɗaukuwa a kafe ta a ƙasa, don takan kife a kan yaran da ke lilo da ƙarfenta. A daina haɗa ɗan shekara 12 da ɗan 18 don kawai a cika mutum goma sha ɗaya. Ƙarfafa wuya ma yana da daɗin yi: tafin hannu a goshi, a tura kai ba tare da ya motsa ba na daƙiƙa 10, haka a ƙeya da gefe biyu, sau uku-uku, kwana biyu ko uku a mako. 'Yan mata su ma a sa su, domin a ƙwallon ƙafa sun fi maza yawan samun jijjiga.

8. Shin a hana yara buga ƙwallo da ka?

Ƙanana, e. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, ta kuma taƙaita wa 'yan 11 zuwa 13 a atisaye. Ingila ta fara cire shi daga wasannin 'yan ƙasa da shekara 9 a kakar 2024, tana hawa da shi shekara-shekara zuwa 'yan ƙasa da 11. Ga manyan 'yan wasanta kuwa, shawarar da aka bayar a 2021 ita ce kada saka kai mai ƙarfi, irin na kwana da dogon bugu, ya wuce goma a atisayen mako guda. Abin da ya tayar da hankali shi ne binciken Jami'ar Glasgow na 2019 kan tsofaffin 'yan ƙwallon Sikotilan 7,676, wanda ya gano mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran mutane kusan sau uku da rabi a cikinsu. Bibiyar da aka yi daga baya ta nuna 'yan baya sun fi shiga haɗarin, masu tsaron raga kuwa kusan daidai suke da kowa.

A aikace: yaro ya yi wasa da ƙwallo daidai shekarunsa, lamba 3 ga ƙanana, lamba 4 har wajen shekara 13, sannan lamba 5. Kada a cika ta da iska har ta zama dutse. Idan lokacin koyo ya yi, a fara da ƙwallo mai laushi da aka jefo da hannu daga kusa, da goshi, ido a buɗe, wuya a ɗaure.

9. Hular soso, takunkumin fuska da robar haƙori suna hana jijjiga?

Kowanne da abin da yake karewa. Hular da Petr Čech ya riƙa sawa bayan fashewar ƙoƙon kansa a 2006, da takunkumin Victor Osimhen bayan karyewar ƙasusuwan fuskarsa a 2021, ƙashi suke karewa. Ƙwaƙwalwar da ke ciki tana motsawa ko da su (duba ta 1). Robar haƙori tana da arha kuma tana ceton haƙori da leɓe, a sa ta. Haɗarin da ke cikin waɗannan kaya shi ne wanda ya sa su ya ji ya zama ƙarfe, ya riƙa kai kansa inda da ba zai kai ba, ko a ce ya dawo wasa da wuri tunda ga hula.

10. Dambe, kokawa da hawan doki fa?

A dambe kai ake nema, don haka ba a maganar kawar da haɗari, sai rage shi. Wanda aka yi wa kisa, wato aka kai shi ƙasa, ya bugu sau biyu: da hannun da aka naɗe da kara, sannan da ƙasa idan ƙeyarsa ta sauka. Yashi mai kauri a da'irar yana rage na biyun. A haɗa tsara da tsara a nauyi da gogewa. Wanda ya tashi yana layi, turminsa ya ƙare a ranar, ko da makaɗi yana kiran sunansa. A damben zamani na waɗanda ba sana'a suka ɗauke shi ba, wanda aka tsayar da wasansa saboda bugun kai ba ya komawa sai bayan aƙalla kwana 30, idan ya maimaitu cikin wata uku kuma hutun ya koma kwana 90. Ɗan damben da ke yawo gari-gari bayan kaka, yau a kashe shi a nan jibi ya shiga a can, shi ne wanda wannan ƙa'ida za ta fi ceto. Ƙwayoyi irin su tiramadol kuma suna rufe alamun da ya kamata a gani.

Kokawa da sauƙi idan a yashi ake yi, kamar yadda ake gasar takobi a Nijar. Haɗarinta kayarwa ta ka ko ta wuya, da yara masu kwaikwayo a kan siminti. Mahayin doki kuwa kansa yana sama da mita biyu daga ƙasa. 'Yan folo suna sa hula mai maɗauri, kuma kwalkwalin 'yan lifida shaida ne cewa kare kai ba baƙon abu ba ne a kan doki. Matasa masu kilisa da sukuwa su guji gudu a kan kwalta, inda kofato ke zamewa, su duba ɗaurin sirdi da likkafa kafin hawa. Rawani ado ne, ba ya shanye bugu.

11. Da gaske hular kwano tana aiki? Wace iri za a saya?

Tana aiki ƙwarai. Tattara bincike da dama ya nuna tana rage mutuwar mai babur da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ba ta hana kowace jijjiga, amma takan mayar da abin da zai fasa kai ya koma jinyar mako biyu. Sirrinta ba a ƙoƙon waje yake ba. A ciki akwai farin abu mai tauri, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, mai kaurin yatsa biyu ko fiye. Shi ke murƙushewa ya shanye bugun. Hular leburan gini ba ta da shi, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, kuma takan fice kafin kai ya isa ƙasa. Lokacin da aka fara tilasta dokar hula a Najeriya a Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya da robar fenti don tsere wa tara. Kwalta ba ta san wannan dabara ba.

A auna kai da tef ɗin tela, santimita biyu sama da gira: 57 zuwa 58 matsakaiciya ce, 59 zuwa 60 babba. A nemi tambarin shaidar inganci na ECE ko DOT, a kuma ɗaga ta a ji nauyi, a leƙa ciki, don tambarin jabu ya yi yawa. Ta kama kumatu, idan an girgiza kai ta bi shi. A ɗaure maɗaurin haɓa yadda yatsa biyu ne kawai za su shiga, sannan a kama ta ta baya a gwada tuɓe ta gaba. Idan ta fita, ba taka ba ce. Mai rufe haɓa ta fi. Wadda ta taɓa shan bugu a haɗari ta gama aiki ko da ba ta tsage ba, shi ya sa ta gwanjo caca ce. Ko ba haɗari, a sauya ta bayan kimanin shekara biyar.

12. Zafi, hular haya, da ɗaukar yara: yaya za a yi da su?

Farar hula mai ƙofofin iska ta fi baƙa sanyi nesa ba kusa ba. Mai ƙyamar hular da kowa ke sawa ya sa siririn ƙyalle ko hular saƙa a ciki. Mace ta kwantar da ɗaurin gashi ƙasa ta sa a kan hijabi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin babur ba bai isa hawa ba, wanda aka ɗora a kan tanki kuwa shi ke fara tashi idan an ja burki. A adaidaita sahu kada a ba yaro bakin ƙofa. A mota kowa ya ɗaura bel har na baya, yara 'yan ƙasa da 12 a baya, kuma jariri a cinya a kujerar gaba ba hannun da zai iya riƙe shi a karo. Ɗan makaranta mai keke shi ma yana buƙatar hula, a zaune daidai a goshi.

13. A cikin gida, ina yara suka fi buguwa?

Jariri yakan fara juyi tun wajen wata huɗu, sau da yawa ranar da ba a zata ba. Idan za a bar shi ko na minti ɗaya, katifa a ƙasa ta fi gado. Keken koyon tafiya mai tayoyi yana kai yaro bakin matakala da gudun da uwa ba za ta cim masa ba, gara tabarma. Kada a ba 'yar shekara shida goyon da ya fi ƙarfinta. Cilla jariri sama a ɗakin da fanka ke juyawa ya raunata yara da yawa. Jijjiga jariri don ya yi shiru kuwa, ko na daƙiƙa kaɗan, yana iya tsinka jijiyoyin jini a kansa ya makantar ko ya kashe. Wanda kuka ya kai shi bango ya kwantar da yaron a wuri mai aminci ya fita ya sha iska. Ranƙwashi, mari da gwara kan yara ba horo ba ne da ya dace da wurin da ƙwaƙwalwa take.

Ga waɗanda suka tasa: bene da baranda su samu kariya da tazarar sandunanta ba ta kai santimita 10 ba, a kafe talabijin da kabad a bango, a hana hawa katanga da bishiyar mangwaro da ke kan siminti. Ƙaramin yaro ba zai ce kansa na ciwo ba. Alamarsa kuka mara tsayawa, ƙin nono, amai, yawan barci, daina wasa, ko maɗiga ta kumburo. Ɗan ƙasa da shekara ɗaya da ya samu kumburi babba a kai, a kai shi a duba ko yana dariya.

14. Me ya sa ake tsananta wa dattawa ko da faɗuwar ƙarama ce?

Da tsufa ƙwaƙwalwa takan ɗan tsuke, jijiyoyin jinin da suka haɗa ta da ƙoƙon kai su miƙe su yi saurin tsinkewa. Jini na iya ɗiga a hankali, sai bayan mako uku zuwa wata biyu a ga Baba ya fara mantuwa, yana jan ƙafa ɗaya, yana yawan barci. A ce tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki, alhali an manta ya taɓa zamewa a banɗaki. Wannan yana da magani idan an gano shi. Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, aspirin ko clopidogrel su ga likita a ranar da suka bugu, ko sun ji garau.

Yawancin faɗuwar a tsakanin gado, banɗaki da wurin alwala take, kuma da asuba. A ajiye fitila a inda hannu zai kai. Ya zauna a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini. A shimfiɗa roba mara santsi a kan tayil, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa kujera a wurin wanka da alwala. A ɗauke wayoyin caji da gefen darduma da ya naɗe daga hanya, a sauya silifas da ya sude. A duba ido, don aikin yanar ido yana rage faɗuwa. Tashi daga kujera a zauna sau goma ba dafawa, safe da yamma, yana ƙarfafa cinya.

15. An sallamo shi ko alamun masu sauƙi ne. Yaya za a kula da shi a kwana biyun farko?

Kada a bar shi shi kaɗai a awa 24 na farko. Barci ba laifi, magani ne ma; hana mutum runtsawa dare guda ƙara masa ciwo yake yi. A leƙa shi sau ɗaya ko biyu a ga numfashinsa daidai kuma yana motsawa idan an taɓa shi. Don ciwon kai a ba babba farasitamol giram ɗaya, kada ya wuce sau huɗu a yini, yaro kuma gwargwadon nauyinsa. A guji aspirin, ibuprofen da diclofenac a wannan tsakani saboda zubar jini, haka maganin barci, tiramadol da duk abin maye. Ba tuƙi, ba hawa babur, ba hawa tsani. A rage waya da talabijin sosai na awa 48. Ba a kuma son kulle shi a ɗaki mai duhu mako guda kamar yadda ake yi a da. Ya zauna da iyali, ya ɗan taka a tsakar gida. Alama ɗaya daga ta 4 ta bayyana, a koma asibiti.

16. Yaushe zai koma makaranta, aiki da wasa?

Karatu kafin wasa. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara karatu na minti 10 zuwa 15 da hutu, sai rabin yini a makaranta, sai cikakke. A ɗaga masa jarrabawa idan da hali. Wasa kuwa hawa shida ne bisa matsayar da masana suka cimma a taron Amsterdam na 2022, kowane hawa aƙalla awa 24: harkokin gida marasa nauyi, tafiya da sassarfa mai sauƙi, atisaye shi kaɗai ba abin da zai taɓa kai, atisaye da 'yan ƙungiya ba karo, cikakken atisaye, sannan gasa. Kafin hawa uku na ƙarshe sai alamu sun ɗauke gaba ɗaya kuma ma'aikacin lafiya ya amince.

A hawa ukun farko, idan ciwon kai ya ɗan motsa kaɗan ya lafa cikin awa ɗaya, ba komai. Idan ya fi haka, a tsaya a sake gwadawa gobe. Ƙungiyar da ba ta da likita ta ɗauki ƙa'idar da Birtaniya ta fitar wa wasannin unguwa da makarantu a 2023: ba atisayen karo sai an yi kwana 14 ba alama, ba gasa kafin kwana na 21. Koci ya rubuta ranar buguwar a littafi, don ranar wasan kusa da na ƙarshe kowa zai ce ai an daɗe.

17. Hoton kai ya fito lafiya, amma har yanzu yana fama. Ƙarya yake yi?

Ba ƙarya yake ba. Hoton CT jini da karaya yake nema. Jijjiga ba ta fitowa a cikinsa. Yawancin mutane suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Masu jinkiri sun fi yawa cikin matasa, masu ciwon ɓarin kai tun da, masu fama da damuwa, da waɗanda suka taɓa jijjiga ko suka ci gaba da wasa bayan bugun (duba ta 6). Idan an haura mako huɗu ana ciwon kai, jiri, rashin barci, saurin fushi ko kasa riƙe karatu, a koma wurin likita a faɗi ranar buguwar da yadda ta faru. Sau da yawa tushen matsalar a wuya yake, ko a ma'aunin daidaito na cikin kunne, ko a yadda idanu biyu ke haɗa gani, kuma likitan gashin ƙashi da na ido suna da atisayen da ke gyara kowanne. Wanda ya jijjiga sau biyu a kaka ɗaya, ko bugun da ke kayar da shi yake ƙara zama ƙarami, ya dakata da wasan karo har sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi.